Ranar da Aka Rufe Layi na Uku

Tun ranar Litinin takardar ta zo teburinta, shafi ɗaya da rabi, da umarnin ta mayar da ita Hausa kafin Alhamis. Da yake ita ce tafintar kamfanin, ita ta fara sanin za a rufe layi na uku. Ta riga mata ashirin da ukun da ke ɗinka riguna a layin sani, kuma ɗaya daga cikinsu mahaifiyarta ce.

Ta fassara takardar tsaf, domin ba ta iya aikin ha'inci ba, ko da wuƙar da aka ba ta wasawa da ita za a yanka ta. Sashe na huɗu ne ya tsaya mata a rai. Cewa ya yi katin asibiti na kamfani zai daina aiki kwana bakwai bayan ma'aikaciya ta sa hannu. Aikin idon Umma kuwa sai kwana goma sha biyu bayan Alhamis ɗin. Wata takwas suka yi suna jiran wannan rana. Yanar ido ta riga ta rufe mata idon hagu ruf, ta fara cin na dama daga gefe, har ta kai Umma ba ta gane mutum sai ya yi magana.

Shekara ashirin da ɗaya Umma ta yi a layin. A da ita ce mai ɗinka kwala, kujerar da ba a ba kowa sai gwana. Da ido ya fara ja da baya aka mayar da ita can ƙarshe, wurin ninke riguna, aikin da hannu ke yi ba sai ido ya taya shi ba. Duk da haka ba wanda ya karɓe mata sunanta na Uwar Layi. In aiki ya taru a gaban wata, ita ke tasowa ta zo ta warware, don a layi ba abin kunya kamar a ce ke ce kika tsayar da na bayanki. Da keken ɗinkin nan ta yi wa 'yarta makaranta har ta fito da digirin Turanci. Matan layin suna kiran yarinyar 'Yar Boko, rabi tsokana rabi alfahari, ita kuma tana amsawa da kai a sama, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan siminti.

A cikin fayil ɗin akwai takarda ta biyu, wadda ba a ce ta fassara ba. Ita ce ta bayyana ƙa'idar sallama: ba ta tabbata sai wakilin masu kamfani ya zauna da kansa, an karanta wa ma'aikaciya takardarta cikin harshen da take ji, ta sa hannu a gabansa. Wakilin zai sauka Alhamis da safe, ƙarfe huɗu na yamma mota ta mayar da shi filin jirgi, ba zai sake zuwa ba sai ƙarshen watan gobe. Duk wadda bai kai kanta ba tana nan a matsayin ma'aikaciya, da katinta a hannu.

Kwana uku tana juya wannan a ranta. Ba ta gaya wa Umma ba. Ta ce wa kanta sirrin ofis ne, amma gaskiyar ita ce ta saba ɗaukar kayanta ita kaɗai, kuma so take ranar ta zo ta wuce, sannan ta ba da labari a matsayin abin da ta riga ta gama.

Ranar Alhamis wakilin bai iso ba sai sha ɗaya saura. Dogo ne, da furfura a gefen kunne, idanunsa sun yi ja don rashin barci, ga ladabi kamar mai neman aure. Aka kashe kekuna, aka tara matan a tsakiyar zauren ɗinki, yana magana ita tana mayarwa. Maganar tasa ce, amma daga bakinta take fita, kuma ita matan suke kallo, ba shi ba. Ba ta dubi inda Umma take ba. Da ya gama aka yi shiru, irin shirun da ba a taɓa ji a zauren ba, har ana jin ƙarar fanka ɗaya da ke can kusurwa.

Gwaggo Mai Maɓalli ce ta fasa shirun. Ƙawar Umma ce tun suna 'yan mata, mace mai jiki da murya, wadda ko gaisuwa ta yi sai a ɗauka faɗa ne. Ta ce to sun ji, amma tunda tare suke ɗinka riga, tare za su shiga ofishin, a faɗa musu a gaban juna. Matan suka yunƙura. Wakilin ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce a hankali:

"One at a time, please."

"Me ya ce, 'Yar Boko?"

"Ya ce ɗaya bayan ɗaya. Wata ta shiga, a gama da ita, ta fito, sannan wata ta shiga."

Ta san maganar kamar yunwar cikinta. Kafin ta samu wannan aikin ta yi shekara guda tana koyarwa a wata firamare, ta sha rubuta ta a allo da misalai: yara na hawa mota, ana fasa ƙwai a kwano, ɗalibai na ba malami amsa. Takan ce musu ana faɗinta ne don kada a yi turereniya a bakin ƙofa, don kowa ya samu a saurare shi. Bai taɓa zo mata a rai ba cewa ana faɗinta kuma don kada mutum ya samu wanda zai riƙe masa hannu. Amma yau maganar tana gefenta, don haka ta maimaita ta da ƙarfi, har ta ƙara mata gishiri, ta ce doka ce ba shawara ba.

"Ai ko kaji in za a yanka, ɗaya-ɗaya ake kamawa," in ji Gwaggo. Nan take ta raɗa wa baƙon suna Wanata, daga ɗan abin da kunnenta ya tsinta, sunan kuma ya bi shi.

Ya tambaya da wane tsari za a bi. Kafin Akawu, mai riƙe da fayilolin, ya buɗe baki, tafinta ta ce a bi yadda riga ke bi: daga masu yanka zuwa masu kafaɗa, aljihu, hannu, kwala, kalmasa, maɓalli, dubawa, guga, a ƙare da ninki. Wakilin ya ce tsari ne mai kyau. Umma ta zama ta ashirin da uku.

Ofishin ƙarami ne, bangonsa ɗaya gilashi ne da ke kallon zauren. Tebur ɗaya, kujera huɗu, agogon bango a saman ƙofa daidai inda take gani ba sai ta juya ba. Wakilin ya ciro kwalin tishu daga jakarsa ya ajiye a tsakiyar tebur. Da shi yake yawo, ta nan ta gane ba yau ya fara ba. Aka jera matan a kan benci a waje. Sha ɗaya da rabi aka fara. In aka cire rabin awa na hutun rana, awa huɗu ke nan. Ta riga ta auna abinta: in kowace mace ta ci minti goma sha ɗaya, kafin a zo kan Umma ƙarfe huɗu ta yi.

Takardar kanta minti huɗu ce in aka karanta ta yadda ake karanta takarda. Ita kuwa ta karanta ta kamar mai koya wa yaro, tana tsayawa a ƙarshen kowane sashe ta tambaya ko an gane, in an ce an gane ta ce a maimaita mata abin da aka gane. Wakilin har yabawa ya yi. Ta farko, babbar mai yanka, ta ci minti goma sha huɗu. Ta biyu sha biyu. Ta uku ta fashe da kuka a sashe na biyu, aka jira ta, tafinta ta tsani kanta da ta ji tana murna da hawayen wata. Ta huɗu ta yi tambaya a kan takardar shaidar aiki. Sha biyu da minti ashirin ta gota, mutum huɗu kacal. Abu na tafiya. Sai dai muryarta ta fara dishewa, don tun safe ba ta sa komai a bakinta ba, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofa tarinta na fita har benci.

Ta biyar ta shigo, ba ta ko zauna sosai ba, ta ɗosana a bakin kujera.

"Uwar Layi ta ce kada mu wahalar da ke. Waɗanda suka fito sun gaya mana abin da ke ciki, duk iri ɗaya ne. Karanta abinki ki huta, ki nuna min inda zan sa hannu."

Tafinta ta ajiye takardar. Ta ce ai haƙƙinta ne ta yi tambaya, ko ɗaya ce. Matar ta ce tambayar me kuma, wanda ya riga ya faɗa rijiya ai ba ya tambayar zurfinta. Tafinta ta karanta, ta ja, ta ja, duk da haka minti biyar aka yi.

Ta ɗaga kai ta duba ta gilashi. Umma ta bar wurinta na ƙarshen benci. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kafaɗar mai shiga, ɗayan yana yafito mai bi mata, daidai yadda take yi in aiki ya cushe. Ta ji layi ya tsaya, ta ji 'yarta ce ke tari a inda ya tsaya, ta taso ta warware. Su kuma matan jikinsu ya san wannan kiɗan. Kafin wata ta tashi daga kujera wata ta riƙe mariƙin ƙofa, da biro a hannu, an riga an cire masa murfi. Ba mai son a ce ita ce ta tsayar da na bayanta, ko da layin mahauta ya nufa.

Tafinta ta yi ƙoƙarin haɗa ido da Umma ta gilashin, ta girgiza mata kai. Sai ta tuna da wa take ƙoƙarin haɗa ido. Ta nemi izinin fita na minti biyu. Wakilin ya tura mata robar ruwansa, ya ce saura kaɗan a yi hutu, ga shi abu ya fara sauri. Ƙarfe ɗaya na bugawa an sallami mutum goma sha biyu.

Ta same su a bakin famfo, bayan zaure, Umma na alwala, Gwaggo na riƙe mata da mayafi. Ta jira ta gama. Sannan ta faɗa, duka, a tsaye, da 'yar muryar da ta rage mata: ƙa'idar, ƙarfe huɗu, katin, minti goma sha ɗaya.

Umma ta rufe famfo. Ruwa na ɗiga daga haɓarta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Litinin."

"Litinin. Muna cin abinci kwano ɗaya."

Umma ta goge fuska da gefen zani, ta ce ita ta ɗauka taimakonta take yi, don ta ji muryarta kamar ana jan ƙarfe a ƙasa. Can ta tambaya, su waɗanda suka riga suka sa hannu fa? Mai ɗinka aljihun nan da mijinta ke karɓar maganin ciwon sukari da katin, ita wa ya ja mata lokaci? Digirin tafinta bai tanadi amsar wannan ba.

"Ke kuma kin fara," in ji Gwaggo tana duban Umma. "Wanda ya nutse ya nutse, sai a ce na bakin gaɓa shi ma ya bi shi? Minti nawa kike so yanzu, 'Yar Boko?"

"Sha biyar kowacce. Mutum goma ne."

"Sha biyar kawai? Ni da na shekara talatin ina yi wa mijina bayanin magana ɗaya. Je ki jiƙa maƙoshinki, ki bar mu da Wanata."

Umma ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ta koma ƙarshen benci ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya, abin da ba a saba ganin hannuwan nan suna yi ba.

Bayan hutu aka ga abin tausayi da abin dariya a haɗe: mata da aka yi shekaru ana horar da su a kan sauri, suna koyon nawa a yini ɗaya. Ba su iya ba. Ta sha uku ta ce a maimaita mata sashe na uku, aka maimaita, ta rasa abin da za ta ƙara, ta yi ta kallon tafinta kamar ɗalibar da ta manta karatunta. Minti tara ta fita, tana ba da haƙuri da ido. Ta sha huɗu ta fi ta dabara, ta ce ita ba ta sa hannu sai da bironta, ta fita nemansa, ta dawo da wanda ba ya rubutu. Ta bayanta ta ce tabaraunta na cikin jaka, jakar na cikin akwatin ajiya, makullin kuma yana wurin wadda ta riga ta tafi gida. Wakilin ya jure. Yana amsa kowace tambaya, yana cewa ya fahimta, yana tura kwalin tishu gaba kaɗan ko da ba mai kuka.

Wajen uku saura kwata Gwaggo ta shigo, ita ce ta sha takwas. Ta zauna ta cika kujerar, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta gaida wakilin, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta tambayi ko mahaifiyarsa na da rai, da aka ce tana nan ta ce a gaishe ta da kyau. Da aka karanto inda takardar ta ce kamfani na baƙin cikin ɗaukar wannan mataki, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Tambayar min shi, wane ne yake baƙin cikin? Shi ne, ko wani ne can? Ina so in san sunansa, in yi masa jaje."

Tafinta ta mayar, ba ta rage ko ɗigo ba. Wakilin ya ɗan yi murmushi ya ce su duka ne. Gwaggo ta ce to Allah ya ba su haƙuri, rashi ba daɗi. Ta tambayi makomar matashin kujerar da take zama a kai, wanda daga gida ta zo da shi shekara tara da suka wuce, ko yanzu ya zama na kamfani. Ta tambayi wa zai riƙa sa maɓalli, ko rigunan a buɗe za a riƙa sayar da su. Ta ce maɓallan da ta ɗinka a wurin nan sun isa a rufe bakin duk wani magulmaci a garin, ta nemi a rubuta mata haka a takardar shaida. Akawu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Da ta zo sa hannu ta rubuta sunanta harafi-harafi, tana hutawa a tsakani kamar mai hawan dutse. Uku da kwata ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo ta kashe wa tafinta ido, amma gumi ya jiƙa mata wuyan riga sharkaf.

Saura mutum biyar, saura minti arba'in da biyar. Huɗu ne a gaban Umma. Minti sha ɗaya-sha ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba ya ishe su. A karo na farko tun Litinin tafinta ta ji numfashinta ya kai ƙasa.

Wakilin ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na bango, ya murza idanu. Ya ce wa Akawu ya shigo da sauran biyar ɗin gaba ɗaya.

Tafinta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta yi masa Turanci irin wanda ba ta taɓa yi wa kowa a kamfanin ba, mai tsabta, mai kaifi, ba ko tuntuɓe. Ta tuna masa da bakinsa ya ce ɗaya bayan ɗaya, a gaban mutum ashirin da uku. Da safe da suka nemi shiga tare ya hana. Goma sha takwas sun samu an zauna da su su kaɗai, da wane dalili biyar za su rasa? Ya saurare ta har ta kai aya. Ya ce tana da gaskiya, kuma bai ji daɗi ba. Amma wannan ba ƙa'ida ba ce, tsarinsa ne shi, yana yin haka ne don mutunta mutane, kada wata ta yi kuka a gaban 'yan uwanta. Ƙa'ida ta ce a karanta a gabansa, a sa hannu a gabansa, ba ta ce mutum nawa ba. Da akwai lokaci da ya ci gaba a haka. Babu.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ƙarya yake yi ba. Ta karanta ƙa'idar da idonta, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ita ce ta ɗauki maganar yatsa ɗaya ta yi gini a kanta, ta manta mai yatsa yana iya naɗe abinsa.

Suka shigo: mai duba aiki, masu guga uku, da Umma a baya tana shafa bango. Kujera ɗaya ce ta rage. Suka ce Uwar Layi ta zauna, ta ƙi, sai duk suka tsaya.

Tafinta ta kifa takardar a kan tebur, ta koma ta zauna, ta rufe bakinta.

Minti ɗaya. Biyu. Agogon na tafiya, amma tafiyar hawainiya. Ta ƙudura ko minti arba'in ne za ta yi su a haka, in ya so a ɗauke ta da kujerar. Wakilin ya yi mata magana a hankali, sau biyu, ba ta ko ɗaga ido ba. Sannan ya ce ba zai tilasta mata ba. Fassarar tana nan a rubuce, Akawu na iya karantawa. Sai dai dole ya sa a rahotonsa cewa tafinta ta ƙi aiki, kuma ta san abin da hakan ke jawowa.

Fassararta. Wadda ta zauna ta gyara har sau uku don kada a samu inda ta yi tsauri, ta buga ta da manyan haruffa. Ta yi ta da kyau har ta kai ba a bukatarta.

Akawu ya jawo takardar, bai yarda ya dube ta ba. Ya fara karantawa yana cin tuntuɓe, yana komawa baya, don bai saba ɗaga murya a gaban mutane ba.

"Dakata, Malam," in ji Umma. Ba ta jin Turanci, amma ta ji shirun, kuma ta san abin da ta haifa. Ta juya fuskarta inda take zaton 'yarta take, ta ɗan kauce kaɗan. "Me ya ce zai yi miki?"

"Ba komai, Umma."

"Akawu, me ya ce?"

Akawu ya faɗa.

"To karɓi takardarki. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski."

"Umma, saura minti talatin da biyar. In na daure…"

"In kika yi shiru shi zai karanta, a kore ni a kore ki. Sallama ɗaya ta ishi gida ɗaya. Kuma ni ban kai ki makaranta don wani ya karanta min takarda yana in'ina ba. Karanta, in ji da kyau."

Ta karɓa. Ta so ta ja, amma ba abin ja. Muryar ta ƙare, abin da ya rage raɗa ce mai kaushi, sai da matan suka matso kusa da tebur. A sashe na huɗu ta ɗan tsaya, sannan ta karanta shi kamar sauran. Ta tambaya ko akwai mai tambaya. Ɗaya daga masu guga ta buɗe baki za ta gwada sa'arta, ta dubi Umma, ta dubi wakilin da ya riga ya jera biro biyar a kan tebur, ta rufe.

Suka sa hannu. Da aka zo kan Umma ta riƙe biro tana neman wurin, bakinsa na yawo a saman takarda. Tafinta ta kama hannun ta sauke shi daidai. Hannun da ɗumi, tafinsa ya yi kaushi.

Huɗu saura minti ashirin. Wakilin ya haɗa fayilolinsa. Ya ce ya yi aiki da tafintoci a ƙasashe da dama bai ga kamarta ba, kuma abin da ya faru ɗazu ba zai shiga rahoto ba. Ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Ba ta ce ta gode ba. Wannan kaɗai ya rage mata, ta kuwa riƙe abinta. Da yake akwai sauran lokaci, aka kawo masa shayi.

A ƙofar kamfani matan sun yi cirko-cirko, kowacce da ledar kayanta: almakashi, silifas, kofin shan ruwa. Gwaggo ta fara cewa da ta sani da ta tambayi Wanata sunayen kakanninsa har bakwai, amma ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta ƙarasa ba. Ta ce wa Umma sun yi iya yinsu. Umma ta ce ta sani, Allah ya bar zumunci.

A inda ake jiran mota tafinta ta matsa gefe ta kira asibitin ido. Aka daɗe ba a ɗauka ba. Ta yi bayani, ta roƙa, abin da ba ta iya ba, ko za a matso da ranar ta faɗo cikin mako guda. Matar da ta ɗauka ta ce likitan da ke aikin sau ɗaya yake zuwa a wata, ranar nan ce ba wata, kuma a tabbata an zo da kati mai aiki. Ta tambaya ko akwai wani abu kuma. Babu.

Ta dawo ta gaya wa Umma yadda aka ce.

"To," in ji Umma. Ta sauya wa ledarta hannu. Ta ce gobe sai a fara tambaya a wasu wuraren, ba a rasa ba. Tafinta ta ce i, gobe. Dukansu sun san wuraren da irin kuɗin da ake karɓa a can, sun kuma san abin da ya sa tun farko suka zauna jira har wata takwas.

Mota ta taho daga nesa, mutane suka fara matsawa bakin titi. Umma ta ɗaga fuska wajen ƙarar, ta ƙanƙance idon dama, ta daɗe a haka.

"Tamu ce?"

"A'a, Umma. Ba tamu ba ce."

Suka ja da baya, suka ba mutane hanya.